Ganuwar Rum da ba a yi wa layi

Duk wanda ya shiga birnin Rum ta jirgin ƙasa ya ratsa ganuwarta, ko ya sani ko bai sani ba. Gab da jirgi zai tsaya a babbar tashar Termini, layin dogo yana bi ta wani giɓi da aka yanke a jikin wata doguwar katangar jan bulo. A daidai wannan lokacin kowa ya duƙufa haɗa jakarsa, wasu na latsa waya, ba mai ɗaga kai. Katangar kuwa ta haura shekara 1,700 a tsaye.

Wani taro kan harkar noma ne ya kai ni Italiya. Da aka tashi, abokan tafiyata suka ce sai Kolosiyam, sai maɓuɓɓugar Trevi inda ake jefa kwabo, sai Fadar Batikan. Na bi su, mun sha layi har ƙafa ta yi tsami, kuma ba zan ce wuraren ba su cancanci kallo ba. Amma a duk zirga-zirgar da muka yi a bas, wannan katanga ba ta daina tare mana hanya ba. Mu fita ta wata ƙofa, mu dawo ta wata. Wanda ya tashi a Kano ba sai an gaya masa ba, in ya ga badala ya san badala ce, ko da bulo aka yi ta. Sai na bar su da sayayyar tsaraba, na ɗaura takalmi na bi ta da ƙafa.

Ganuwa biyu Rum ta gada daga Rumawan da. Tsohuwar, wadda aka gina da manyan tubalan dutse a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa Alaihissalam, bayan mutanen Gaul sun ci garin, guntayenta ne kawai suka rage. Babban guntu yana nan a ƙofar tashar Termini, ta dama in ka fito, wani kuma a can ƙasan tashar, kusa da teburan McDonald's, mutane na cin dankali a gefensa. Da daula ta bunƙasa gari ya tsallake wannan katanga ya bazu, aka yi ɗaruruwan shekaru Rum ba ta da wata ganuwa ta kirki, kuma ba ta ga dalilin yin ta ba. Rundunoninta suna can bakin kogin Rhine da na Danube. Wa zai iso?

A shekara ta 270 zuwa 271 aka iso. Wasu ƙabilun Jamusawa suka ƙetaro duwatsun Alps suka shigo arewacin Italiya, har suka karya rundunar Sarki Aureliyan kusa da Piacenza. Daga baya ya rama, ya fatattake su, amma tsoro ya riga ya shiga gari. Ga shi kuma a cikin Rum ɗin kanta ma'aikatan gidan buga kuɗi sun yi bore an zubar da jini, ga Sarauniya Zenobiya ta Palmira ta ƙwace gabashin daula, dole sarki ya kwashi sojoji ya tafi can. Don haka a 271 ya ba da umarni a zagaye birni da katanga, ƙungiyoyin masu sana'a na gari suka ɗauki aikin. Bai ga ƙarshensa ba, hafsoshinsa suka kashe shi a 275, Sarki Probus ya kammala. Tsawonta ya kai kilomita 19, kaurinta mita uku da rabi, tsayinta na farko mita 6 zuwa 8, da hasumiya mai kusurwa huɗu kusan duk bayan mita 30. Kimanin kashi biyu cikin uku na nan har yau.

Daga Ƙofar Maggiore na fara, tafiya kaɗan daga tasha. Wurin hayaniya ne ƙwarai. Taragun cikin gari suna shiga suna fita ta bakunan katanga, ƙarfe na kuka a kan ƙarfe, motoci na zagaye, ga masu jiran bas sun jingina da ginin da ya girmi kakannin kakanninsu suna shan taba. Ƙofar kanta ba don yaƙi aka yi ta ba. Sarki Kalaudiyus ne ya gina ta da farin dutse a shekara ta 52 domin ta ɗauki magudanan ruwa guda biyu, ɗaya bisa ɗaya, su tsallake manyan hanyoyi biyu. In ka matsa gefe ka ɗaga kai za ka hango bakin magudanan a can sama, ramuka biyu da mutum zai iya shiga, waɗanda suke kawo ruwa daga duwatsu masu nisan kilomita kusan saba'in, ɗayan ma ya fi tamanin. Magina na Aureliyan da suka iso nan ba su ɓata lokaci ba, suka toshe bakunan gadar ruwan da bulo, ta zama katanga.

Haka suka yi ta yi ko'ina. Ana ƙiyasin kusan kashi ɗaya cikin shida na ganuwar gine-gine ne da aka tarar a hanya aka haɗiye: barikin dogaran sarki, katangar lambu, gidaje, filin wasa, kaburbura. Wannan ne ya fi burge ni a tafiyar gaba ɗaya, domin gaggawar mutanen tana nan a jikin ginin, ana ganinta da ido. Ba su da lokacin rushewa, ba su da lokacin kaucewa. Layin da suka bi ma, a wurare da dama, tsohuwar iyakar karɓar kuɗin fito ce, inda ake tare kaya masu shigowa gari.

A gaban ƙofar akwai wani kabari da na daɗe a tsaye ina kallo. Na wani mai gidan burodi ne, Eurysaces, wanda ya rayu a ƙarshen ƙarni na ɗaya kafin Annabi Isa. Dogon gini ne na farin dutse, jikinsa cike da manyan ramuka zagayayyu a jere, waɗanda masana da yawa ke ganin siffar kwanonin kwaɓa fulawa ce. A can sama an sassaƙa sana'ar tasa daki-daki: jakuna na juya dutsen niƙa, ana tankaɗe, ana kwaɓi, wani na zura burodi a tanda da doguwar cokali, sannan ana ɗora kwanduna a kan sikeli jami'ai na duba awo. Mutumin ya yi kuɗi da kwangilar burodi, bai kuma ji kunyar inda ya samo su ba. Da aka zo ƙarfafa ƙofar a farkon ƙarni na biyar sai aka gina hasumiya a kansa, kabarin ya shige cikinta. Bai sake ganin rana ba sai 1838, lokacin da Fafaroma Gregori na 16 ya sa aka rushe hasumiyar. Da ba a binne shi a cikin bulo ba, da wuya masu neman dutsen gini su bar shi.

Daga nan na bi ta kudu. Kusa da majami'ar Santa Croce katangar ta yi wani lanƙwaso, ashe filin wasa ne zagayayye na farkon ƙarni na uku aka cusa a ciki, an liƙe ƙofofinsa. Sai wani dogon lambu a gindin ganuwa, tsofaffi a kan benci, yara na buga ƙwallo suna auna katangar. A nan na fara shan ruwan famfunan titi na Rum, waɗanda ba a kashe su dare da rana. Bututun ƙarfe ne mai lanƙwasa, ruwa na zuba ƙasa. Wata tsohuwa da ta ga ina ƙoƙarin tara hannu ta nuna mini dabara: ka toshe bakin da yatsa, sai ruwan ya yi tsalle ta wani ɗan rami a sama ya faɗo maka a baki. Ruwan sanyi ƙalau, kuma kyauta.

Ƙofar San Giovanni, wadda motoci ke bi yanzu, ta 1574 ce. Tsohuwar tana gefenta a ƙasa-ƙasa, domin gari ya tashi ya bar ta a rami, ga hasumiyoyinta biyu zagayayyu, ga ciyawa, ga shingen ƙarfe. Ƙofar Asinaria ke nan. Mutane na wucewa ta samanta zuwa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba wanda ke leƙawa, alhali a tarihin yaƙin Rum da wuya a sami ƙofar da ta ga abin da ta gani.

A Disambar 536 janar Belisariyus, wanda Sarki Justiniyan ya aiko daga Kustantiniya, wato Istanbul ta yau, ya shigo ta nan, mayaƙan Goth, wata ƙabilar Jamusawa da ke riƙe da gari, suna ficewa ta ƙofar arewa. Ya san za su dawo, ya hau gyaran katanga da haƙa rami a gabanta. Suka dawo kuwa a 537 ƙarƙashin sarkinsu Vitiges, suka zauna wa garin shekara guda cur da 'yan kwanaki. Belisariyus da mutum kusan 5,000 ya fara tsare katangar kilomita 19. Goth suka yanke magudanan ruwa, duwatsun niƙan gari da ruwan ke juyawa suka tsaya, yunwa ta yi sallama. Sai ya sa aka ɗaure jiragen ruwa a kogin Tiber, aka ɗora duwatsun niƙa a kansu, igiyar kogi na juya su. Da aka kawo hari a kabarin Sarki Hadriyan, wanda yanzu ake kira Castel Sant'Angelo, masu tsaro suka farfasa gumakan marmara da ke samansa suna jifan masu hawa tsani. Vitiges ya gaji ya tattara ya tafi.

Shekara tara bayan fara wancan zaman, a Disambar 546, wani sarkin Goth ɗin, Totila, ya shiga Rum ta wannan ƙofa ba tare da ya fasa bulo ɗaya ba. Wasu masu gadi 'yan Isauriya, daga kudancin Turkiyya ta yau, suka zura igiya da dare, suka hawo da mutanensa, aka sare sakata. Bayan 'yan shekaru ya sake shiga ta Ƙofar San Paolo, nan ma masu gadi ne suka buɗe, sojojin da aka daɗe ba a biya su albashi ba. Kafin su duka, a ranar 24 ga Agusta 410, Alarik, shi ma sarkin Goth, ya shiga ta Ƙofar Salaria, ita ma daga ciki aka buɗe ta. Shekara biyu kafin nan ya tsare garin da yunwa har aka biya shi fansa: nauyin fam 5,000 na zinariya, 30,000 na azurfa, rigunan alharini, jajayen fatu, har da fam 3,000 na masoro. Da ɗan gari akan ci gari. Katangar ta yi aikinta, cikin da ke bayanta ne ba ya jure yunwa, aljihun mai gadi kuma ba ya jure wofi.

A bayan ƙofar, jingine da ganuwa, akwai kasuwar Via Sannio, kasuwar tufafi da takalma, sabo da gwanjo. Ina cikin ɗaga wata rigar sanyi na ji wani dattijo na waya da Hausa, Hausar zango irin ta Kumasi. Na jira ya gama na yi masa sallama. Muka gaisa kamar mun shekara da sanin juna, ya tambayi gida, ya tambayi hanya, ya ce, "To ɗana, me ya kawo ka nan layin? Baƙi ba sa zuwa nan." Na ce, "Baba, ganuwar nan nake bi." Ya waiga ya dube ta sama da ƙasa, ya yi dariya, ya ce shi dai abin da ya sani tana tare musu iska lokacin sanyi, da rani kuma tana ba su inuwa. Ya kwatanta mini inda zan sami abincin halal a wajen kasuwar Piazza Vittorio, ya ƙi karɓar cikakken kuɗin rigar.

Na yi ta juya amsar tasa a hanya, ban ga inda ya kauce ba. Mutanen Rum ba su ɗauki ganuwar abin kallo ba, kayan aiki ce. Na ga inda aka jingina mata gida, na ga inda aka fasa mata taga aka sa labule, na ga filin wasan yara a gindinta, na ga masu kwana a waje sun shimfiɗa kwali a cikin bakunanta. Fafaromomi sun yi ta gyara ta ƙarni bayan ƙarni saboda ita ce kariyarsu kuma a ƙofofinta ake karɓar haraji, kowane ya gyara sai ya manna allon marmara da tambarinsa. Manyan gine-ginen da amfaninsu ya ƙare, irin su gidajen wanka da haikalai, su aka mayar wurin ɗibar dutse. Ita kuwa ba a taɓa gama buƙatarta ba, shi ya sa ba a cinye ta ba, shi ya sa kuma aka saba da ita har aka daina ganinta.

Tsakanin Ƙofar Metronia da Ƙofar Latina zuwa San Sebastiano nan ne ganuwar ta fi kyau. Hayaniya ta ragu, hasumiyoyi sun jeru har iya ganinka. A nan na matsa kusa na dafa ta. Bulon Rumawa siriri ne, faffaɗa, ba kamar namu ba, kuma fuska ce kawai: cikin katangar kankare ne na farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta da ɓaraguzai. In ka bi ta da ido daga ƙasa zuwa sama za ka ga inda launin bulo da kaurin kwaɓin suka sauya. Wannan layin aikin Sarki Honoriyus ne da janar ɗinsa Stiliko, a 401 zuwa 403, lokacin da labarin Alarik ya iso suka kusan ninka tsayin katangar. Akwai ƙananan ramuka a jere inda magina suka soke itacen tsani. Akwai faci na tubalan dutse da aka kwaso daga wani ginin, akwai gutsuren marmara mai rubutu da aka cusa a kife. Daga tsagogin kuma wani tsiro mai farar fure yake zubowa, wanda Italiyawa ke jiƙa tohonsa a gishiri su sa a miya. Yana da kyau a ido, amma saiwarsa na buɗe wa ruwa hanya. A Afrilun 2001, bayan ruwan sama mai yawa, wani yanki na kimanin mita ashirin ya zube a wannan ɓangaren na kudu. An sake gina shi, sabon bulon ya fi na gefensa haske.

Ƙofar San Sebastiano ita ce babba, kuma ita ta fi tsira. Ta nan shahararriyar hanyar Appia take fita zuwa kudu. Hasumiyoyi biyu manya, gindinsu sanye da marmara da aka ɓamɓaro daga kaburburan bakin hanya. A cikinta akwai gidan tarihin ganuwa, shiga kyauta. Na tarar da ma'aikata biyu da wasu baƙi da ba su cika hannu ɗaya ba, a garin da na ga mutane na rantsuwa a layin Kolosiyam.

Kafin ka shiga, dubi jikin ƙofar ta dama in kana fitowa daga gari. An zana mala'ika Mika'ilu da mashi yana soke wani dodo, da rubutu a gefe mai tuna ranar 29 ga Satumba 1327, ranar da mutanen gari suka kori mayaƙan sarkin Napoli a nan. A cikin hasumiya kuma, a daɓen ɗaki, akwai adon ƙananan duwatsu baƙi da fari da za ka rantse na zamanin Rumawa ne. Na shekarun 1940 ne. Wani jigo a jam'iyyar Mussolini, Ettore Muti, ya mayar da ƙofar gidansa, aka ƙawata masa ita. Bai daɗe yana morewa ba, an kashe shi a 1943.

Daga gidan tarihin ake shiga cikin ganuwar kanta, tafiyar kimanin mita 350. Wani dogon lungu ne mai rufi, gefen gari a buɗe da manyan bakuna, gefen waje kuwa katanga ce mai 'yan siraran tagogi na maharba, faɗi daga ciki, matsattse daga waje. Na sa ido a ɗaya. Abin da ake gani ɗan tsiri ne na duniya: titi, bishiya, rufin mota. Mai tsaron da ya tsaya a nan yana ganin wanda ke zuwa, wanda ke zuwa ba ya ganinsa. Duk bayan 'yan taku sai ka ratsa ɗakin hasumiya, inda ake girke manyan bakunan yaƙi masu harba mashi. A saman ƙofar kuma, daga kan rufi, ana hango hanyar Appia ta miƙe tsakanin dogayen bishiyoyi har duwatsun Albano. Abin da ya ba ni mamaki shi ne waigowa cikin gari: kore ne shar, lambuna da itatuwa. Rum da ta taɓa ɗaukar mutum kusan miliyan ɗaya ta koma 'yan dubun goma a tsakiyar zamani, suka tattare a bakin kogi, sauran filin cikin ganuwa ya zama gonakin inabi da makiyaya. Wannan kusurwa ba ta sake cika ba.

A nan ne Kano ta faɗo mini sosai. Ita ma badalarta, wadda Sarki Gijimasu ya fara a farkon ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa a ƙarni na 15, ta zagaye gonaki da fili ne tare da gidaje, don in an tsare gari a sami abin ci. Ita ma tana da sarakunan ƙofa masu rufewa da dare da karɓar kuɗin shiga. A 1903 ma bindigogin Turawa ba su iya da kaurin ƙasar ba, ƙofa suka fasa. Bambancin shi ne bulo da kankare suna yafe sakaci na shekara ɗari, jar ƙasa kuwa sai an bi ta da yaɓe bayan kowace damina. Ranar da aka daina gayyar yaɓe, ranar ta fara narkewa, masu ɗibar ƙasa da masu neman fili suka ƙarasa. Ba na cikin masu cewa Turawa sun fi mu son tarihi. Rumawa ma sun fasa tasu a wurare da dama don motoci su wuce, sun rushe Ƙofar Salaria ɗungurungum a 1921. Sai dai abin da ya rage sun sa masa doka, kuma dokar tana cizo.

Na ƙarasa yammacin ranar a Ƙofar San Paolo. A nan ganuwar ta haɗiye abu mafi ban mamaki: dala sukutum, mai tsayin mita 36, lulluɓe da farin marmara, kabarin wani attajiri mai suna Gaius Cestius da aka gina tsakanin shekara ta 18 da ta 12 kafin Annabi Isa. Rubutun jikinta ya ce a kwana 330 aka gama. Ta fi dalar Masar tsini, shi ya sa wasu masana ke danganta siffarta da dalolin Nubiya na Sudan, inda sojojin Rum suka kai yaƙi 'yan shekaru kafin a gina ta. Wani ɗan kasuwa ɗan Japan ne ya biya kuɗin wanke ta, aka gama a 2015. A gindinta kyanwoyi ne ke mulki, akwai masu sa kai da ke ciyar da su. A jikin katangar kusa da nan akwai allunan tunawa da sojoji da fararen hula da suka tsaya wa sojojin Jamus a wannan ƙofa ranar 10 ga Satumba 1943. Ba su yi nasara ba.

Majami'ar Bulus tana gaba da nan, a wajen ganuwa, kuma hakan ya jawo mata. A 846 mayaƙan Larabawa suka shigo ta bakin kogi, suka kwashe dukiyarta da ta majami'ar Bitrus almajirin Annabi Isa, wadda ita ma a waje take a lokacin. Cikin gari kuwa ba su shiga ba. Wannan ne ya sa Fafaroma Leo na 4 ya zagaye unguwar Batikan da tata katangar tsakanin 848 da 852.

Ɓangaren arewa na bi shi wata safiya, kuma gaskiya bai kai na kudu daɗi ba. Daga Ƙofar Popolo hanya ce ta motoci masu gudu a gindin katanga, hayaƙi da ƙara, wurin tafiyar ƙafa ɗan siriri. Akwai wani tsohon gini da ya karkace kamar zai faɗi, Muro Torto, wanda tun zamanin Belisariyus yake a karkace. Ya so ya gyara, mutanen gari suka hana, suka ce Bitrus ya yi alkawarin tsare wurin. Yana nan a karkacensa.

Kusa da dandalin Fiume, inda Ƙofar Salaria take a da, na tsaya neman wani abu da na karanta a gidan tarihi. Sai da na ɗaga kai sosai na gan shi: wani ɗan akurki ne maƙale a can saman katanga ta waje, zaune a kan duwatsu biyu da suka ɓullo. Masai ne na masu gadi, abin da aka yi ya faɗo wajen gari. Wani tsohon lissafi da ya ƙidaya hasumiyoyi 383 a ganuwar ya ƙidaya irin wannan masai 116. Wanda ya tsara katangar ya san mai gadi mutum ne, in ya sauka neman bayan gida ya bar wurinsa.

Taku kaɗan gaba sai Ƙofar Pia, wadda Michelangelo ya zana wa Fafaroma Pius na 4 a 1561. Ba ƙofar ce ta kawo ni ba, wani wuri ne a gefenta inda aka manna marmara a jikin katanga, da dogon ginshiƙi a gabansa. A safiyar 20 ga Satumba 1870 sojojin sabuwar ƙasar Italiya, ƙarƙashin janar Raffaele Cadorna, suka girke igwa suka yi ta dukan wannan wuri na 'yan sa'o'i har ya buɗe. Fafaroma Pius na 9 ya san ba zai iya ba, ya dai so duniya ta shaida da ƙarfi aka shiga, sannan aka ɗaga farar tuta. Sojojin Italiya 49 suka mutu, na Fafaroma 19. Mulkin Fafaroma a kan birnin, na fiye da shekara dubu, ya ƙare a nan, Rum ta zama babban birnin Italiya. Ganuwar da aka gina don masu mashi da tsani ta yi aikin soja shekara 1,600 kafin igwa ta sallame ta. Kusan kowane gari a Italiya yana da titi mai sunan wannan rana, har da wanda ya taso daga ƙofar zuwa tsakiyar birni.

Wanda Allah ya kai shi Rum kuma yake da rabin yini, shawarata ya bar arewa, ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa San Giovanni, ya bi katangar ta waje har dala, inda akwai wata tashar mai suna Piramide da za ta mayar da shi Termini. Ya sa takalmi mai taushi, ya riƙe gorar da zai riƙa cikawa a famfo, ya yi alwala tun daga masauki domin wuraren kama ruwa sun yi ƙaranci a hanyar. Kada ya je ran Litinin, gidan tarihin a rufe yake, sauran ranakun ma ya yi sammako, ba ya kaiwa yamma a buɗe.